Yadda muka yi wa ƙungiyar matasan unguwa rajista, muka yashe lambatu kafin damina

Ƙungiyarmu daga majalisa ta taso, kamar yawancin ƙungiyoyin matasa na cikin Kano: benci biyu a ƙofar shagon tela, shayi bayan isha'i, musun ƙwallo har dare ya raba. Lambatu ne ya mai da ita ƙungiya. Akwai wanda ya ratsa layinmu, tsawonsa kimanin mita 400, duk watan Agusta sai ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga zauruka, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta fara zubewa. Shekarar farko mun fita da zafin nama muka yashe shi, aikin ya tashi a banza. Shekara ta biyu aikin ya ɗore. Mutanen su ne dai, ƙarfin shi ne dai, abin da ya canza shi ne wane aiki aka fara yi, wane aka bari sai daga baya. Jerin nan ne muke so sauran ƙungiyoyi su ɗauka.

Haɗa hannu a yi aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mai gona ya kira gayya, sarkin samari ya tara samari, a dama fura, makaɗa su kaɗa, a nome gona kafin la'asar. A Nijar ma, Samariyar da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974 a kan wannan tushe aka ɗora ta, ta gina ajujuwa ta dasa itatuwa. Sai dai gayya wuni ɗaya ce, ana watsewa ba a bar ko kwabo a hannun kowa ba. Ƙungiya kuwa kuɗin jama'a za ta riƙe shekara da shekaru, shi ya sa takarda ta zama dole.

Ƙofar mai unguwa muka fara zuwa, kuma ba mu je mu kaɗai ba. Dattawa biyu na layin suka shige mana gaba, muka riƙe takarda mai sunayen 'yan ƙungiya, kowane suna da sunan mahaifinsa da gidan da ya fito. Bayan gaisuwa shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka zo neman albarka, muna so mu gyara lambatu." Bai tambayi manufa ba, takardar ya karɓa yana bin sunayen da yatsa yana cewa wannan ɗan gidan wane ne, wancan jikan wane ne. Nan ne amfanin sunan mahaifi. Shi ya haɗa mu da dagaci, daga can aka rubuta mana takardar shaida zuwa ofishin hakimi. Ƙungiyar da ta tsallake wannan tsani ta tafi ƙaramar hukuma kai tsaye, ranar da za ta buƙaci a fasa dakalin wani, ba ta da wanda zai tsaya mata.

A ƙaramar hukuma sashen raya al'umma ne ke yi wa ƙungiyoyin taimakon kai da kai rajista. Mun kai takardar masarauta, kwafin tsarin mulki, bayanin taron da aka zaɓi shugabanni, da hotunan fasfo na shugabannin. Wannan bai ɗauki lokaci ba. A dai tambayi yaushe ake sabunta takardar, a rubuta ranar a bangon littafin sakatare.

Tsarin mulkin ne ya ci mana zama huɗu, kuma ya cancanci haka. Kada a kwafo na wata ƙungiya a canza suna kawai. Mun tsai da shekarun zama ɗan ƙungiya daga 18 zuwa 35, wanda ya haura ya koma sahun iyayen ƙungiya, yana ba da shawara ba ya jefa ƙuri'a. Wa'adin shugabanci shekara biyu, sau biyu kacal. Dalili shi ne mun ga yadda ƙungiyoyin yayyenmu suka mutu: waɗanda suka kafa su sun yi aure, hidima ta yi musu yawa, ba su sauka ba kuma ba su koya wa na baya ba. Mun raba aikin ma'aji da na sakataren kuɗi, ɗaya yana karɓa, ɗaya yana rubutawa, kuma ba za su fito daga gida ɗaya ba. Mai binciken kuɗi ba ya cikin shugabanni. Sai sharaɗin da aka fi yin gardama a kansa, wato kowa yana da 'yancin jam'iyyarsa, amma ba a kai sunan ƙungiya ko hatiminta gidan ɗan takara. Gudummawa in ta zo ana karɓa a gaban taro, a rubuta ta da sunan wanda ya bayar, ba tare da alƙawarin ƙuri'a ba. Mun san ƙungiyoyin da kakar zaɓe ɗaya ta raba su gida biyu a kan buhun shinkafa.

Rajistar CAC, hukumar tarayya mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ba dole ba ce ga mai son yashe kwata kawai, amma in ana son asusun banki da sunan ƙungiya ko tallafin wata hukuma, yawanci sai da ita. Ƙungiyoyi irin namu suna ƙarƙashin Sashen F na dokar kamfanoni ta 2020, inda ake yi wa amintattun ƙungiya rajista, wato waɗanda ke riƙe dukiyarta da sunanta a gaban doka. Ana fara neman amincewa da suna ta intanet, kuma gara a tanadi suna biyu ko uku don wani yana iya riga ku. Amintattu aƙalla biyu ne. Doka ta hana a sa wanda bai kai shekara 18 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, ko wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Mu biyar muka zaɓa, uku daga dattawa, biyu daga matasa. Daga nan a buga sanarwa a jaridu biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Dole tsarin mulki ya faɗi cewa ba a raba kuɗin ƙungiya ga 'ya'yanta, kuma in ta rushe dukiyarta wata ƙungiya mai irin manufarta za a miƙa wa. A karanta wa taro wannan da Hausa tun farko, don akwai masu ɗaukar kuɗin wata kamar adashi ne da za a kwasa wata rana.

Abin da ya fi ɓata mana lokaci shi ne rubutun suna. Ɗaya daga cikin amintattunmu Muhammad ne a NIN, Mohammed a BVN, kuma a ɗaya sunan mahaifi ne a gaba, a ɗayan na kaka. Wannan kaɗai ya tsai da takardu makonni. Kafin a rubuta sunan kowa a fom, a ɗora katin ɗan ƙasarsa da bayanan bankinsa a kan tebur a gwada harafi da harafi, har ranar haihuwa. In sun saɓa, ko ya je ya gyara ko a sa wani. Banki ya nemi takardar CAC, lambar haraji ta TIN, takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, da ƙudurin taro mai nuna waɗanda za su sa hannu. Mun sa mutum uku, kuɗi ba ya fita sai da hannun biyu, kuma saƙon shigar kuɗi da fitarsa yana zuwa wayar mai binciken kuɗi. Bayan rajista akwai bayanin shekara da ake kai wa CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Da yawa suna mantawa da shi sai tara ta taru.

Sai lambatu. Kuskurenmu na shekarar farko guda biyu ne, kuma duka namu ne. Mun fara daga ƙofar majalisarmu, wato daga sama, don a nan muka fi ganin ƙazanta. Ruwan da muka saki ya gangara ya tarar da ƙasa a toshe, ya koma cikin gidajen mutanen ƙarshen layi. Na biyu, mun tara ƙasar da muka yaso a gefen hanya ba mu tanadi motar kwashewa ba. Ta yi kwana goma sha tana bushewa, awaki suna tonawa, yara suna hawa, masu babur suna bajewa, ruwan farko ya zo ya mai da ita inda ta fito. Tun daga nan ƙa'idarmu ita ce ba a ɗaga shebur sai an san ranar zuwan tifa da inda za ta juye, kuma daga bakin mafita ake farawa a yi sama.

Kafin ranar aiki mutum uku suka bi lambatun da tef da sanda. Duk taku goma a soka sanda a ga zurfin laka, a rubuta. Faɗin cikin namu santimita 60 ne, laka a tsakaice santimita 30. In aka ninka 400 da 0.6 da 0.3, kubik mita 72 ke nan. Baro ɗaya na jiƙaƙƙiyar laka bai wuce lita 60 zuwa 70 ba, ma'ana baro sama da 1,000. Tifar da muka samu tana ɗaukar kimanin kubik 5, sawu 15 ke nan. Wannan lissafi ne ya nuna mana aikin ba na safiya ɗaya ba ne, sai muka raba shi Asabar huɗu, mita 100 kowace Asabar. Shi ne kuma muka nuna wa masu shaguna lokacin neman gudummawa. Mutum ya fi sakin hannu in aka ce masa sawun tifa 15 ake nema, ga kuɗin sawu ɗaya, a kan a ce masa ya taimaka wa ƙungiya.

A wannan zagayen ne ake gane inda ruwa ke kwanciya. Ba sai an ɗauko injiniya da na'ura ba. Farin tiyo na mita 20 ya isa, a cika shi da ruwa a fitar da iska, mutum biyu su riƙe bakinsa biyu, saman ruwan a ɓangarorin biyu daidai yake. Daga nan a auna zuwa ƙasan lambatu a kowane gefe. A mita 20 ana son ƙasan ya sauka da santimita 10 zuwa 20. Mun sami wuri biyu da ƙasan ya ɗaga maimakon ya sauka, saboda masu gini sun zubar da ragowar kankare a ciki ya daskare. Irin wannan shebur ba ya yi masa komai, sai guduma da kurfi, kuma in ba a fasa shi ba duk yashewar da za a yi a samansa laka za ta sake taruwa cikin wata guda.

Lokacin da ya dace shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya zauna. Zafin Kano a lokacin yana haura digiri 40, don haka ana idar da sallar asuba muke fitowa, kafin goma da rabi an tashi. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, tana da daɗin aiki don jama'a suna gida kuma hanya babu ababen hawa daga bakwai zuwa goma, sai dai tifar haya ba za ta iso ba sai an buɗe hanya. A rubuta wa hukumar kwashe shara, REMASAB, takarda tun da wuri da hatimin ƙungiya da sa hannun mai unguwa, a kuma ajiye kuɗin tifar haya a gefe, don a wannan lokacin kowace unguwa nema take yi.

Ga mita 100 mutum 25 sun isa in an raba su. Takwas a ciki da shebur, huɗu da manjagara suna janye leda da robobi kafin masu shebur su iso, shida a kan baro, biyu da diga don inda ya taurare, sauran su karɓi wanda ya gaji duk rabin sa'a. Cire leda daban yana da dalili: ledar fiya wata da ta shinkafa suna saƙe laka kamar tabarma, shebur ba ya shiga. Kuma laka marar leda masu gona da masu cike rami suna karɓar ta, wani lokaci ma su kawo motarsu. Wanda zai shiga ciki dole takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri. Abin da ke cikin lambatu ya wuce ƙazanta, akwai fasasshiyar kwalba, reza, ƙusa mai tsatsa, har allurar da aka yi amfani da ita. Mai silifas aikin baro zai yi. Mun ajiye bokitin ruwa da sabulu, aidin da bandeji, kuma wanda ya yanke ana wanke ciwon a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus a ranar. Ba ma sa yara ƙanana, almajirai ne ko 'yan gida, duk yadda suka nuna sha'awa.

Laka in ta fito tsamo-tsamo direban tifa ba ya son ta, tana zuba a titi kuma nauyinta ya yi yawa. Mukan jera ta a gefen da ba ya gangarawa lambatu, ta tsane kwana ɗaya, Lahadi da yamma ko Litinin da safe a kwashe. Kada ta wuce kwana biyu.

Kwalbati shi ne wuri mafi hatsari. Inda lambatu ya bi ƙarƙashin titi a rufe, ruɓaɓɓiyar laka tana tara iska mai guba, mutum yana iya suma kafin ya gane abin da ke faruwa, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Ba mu bar kowa ya rarrafa ciki ba. Mun ɗaura rodi biyu muka zura daga baki ɗaya ya ɓulla ɗayan, muka ja igiya mai ƙarfi da shi, muka ɗaura tsohuwar tayar babur a tsakiyar igiyar. Mutum biyar nan, biyar can, ana ja ana mayarwa, tayar tana turo laka zuwa baki ana kwashewa. Da hanya ta buɗe muka sa tayar ƙaramar mota, sannan muka kora da ruwan kura biyu na 'yan garuwa.

Sai maganar dakali, wadda ta fi laka wuya. Gidaje da shaguna da yawa sun zuba kankare a kan lambatu sun rufe shi ruf, wani mita shida, wani goma, kuma a ƙarƙashin irin waɗannan ne toshewar take. Kada matashi ya tunkari dattijo da guduma a hannu. Mako guda kafin aiki mai unguwa da limamin layin suka zaga da mu gida gida. Wani dattijo ya ce dakalinsa ya girmi duk wanda ke cikinmu, kuma gaskiya ya faɗa. Liman ya ce masa, "Alhaji, ba rushewa za su yi ba, ƙofa za su buɗe su mayar maka da murfi, ni ne shaida." Ya yarda. Ba mu fasa dakalin kowa gaba ɗaya ba, mun yanka baki duk mita uku, muka rufe da murfin da ake ɗagawa. Alƙawarin murfin nan a cika shi cikin mako, in ba haka ba yaro ya faɗa ramin da dare, ƙungiya ta gama yawo a unguwar.

Don haka murfin ake fara zubawa, aƙalla mako uku kafin a fasa komai. Namu santimita 90 ne a tsawo don ya hau kafaɗar lambatu da santimita 15 kowane gefe, faɗi 60, kauri 10. Nauyinsa ya kai kilo 130, mutum huɗu ke ɗagawa, shi ya sa muka lanƙwasa guntun rodi muka dasa a matsayin hannu. Haɗin kankare shi ne buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi, takwas na tsakuwa, kuma buhu ɗaya yana fitar da murfi uku. Rodi mai milimita 12, guntaye biyar na santimita 85 a kwance bisa tsawo, a gicciya su da ƙananan rodi a ɗaure da waya. Rodi ɗaya mai mita 12 yana ba da guntaye 14, ya kusa isar murfi uku. Ragar rodin a ƙasa take zama, a ɗaga ta da 'yan duwatsu kamar santimita 3 daga ƙasan katako. Dalili shi ne in nauyi ya hau murfi, ƙasansa ne ke buɗewa, kuma nan ne kankare ba shi da ƙarfi sai da ƙarfe. Murfinmu biyu sun karye a makon farko don an kifa su, rodin ya koma sama. Tun daga nan tun kankare yana ɗanye muke zana alama a samansa da ƙusa. Kada a cika ruwa a kwaɓin don a ji sauƙin zubawa, yana rage ƙarfi. A rufe da buhu a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai aƙalla, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Wannan kaurin na masu tafiya a ƙasa ne da babur. Inda mota ko tifa za ta taka, a nemi injiniya ya fitar da awo.

Abin da ke shiga lambatu yawancinsa daga cikin gida yake fitowa, kuma samari ba sa shiga gidajen mutane. Kwamitin mata na ƙungiyar, 'yan mata da matan aure, su suka bi gidaje suna magana a kan toka da shara da ake ba yara su zubar, da ƙunzugun jarirai na zamani da ke kumbura ya toshe kwata shi kaɗai. Mu kuma muka zauna da mai wankin mota, mai markaɗe da mai shayi, kowa ya ɗauki alhakin mita goma na gabansa. Mun sa maƙeri ya haɗa mana raga ta rodi, tazarar yatsa uku, muka kafa ta mita biyu kafin bakin kwalbati don ta tare leda. Raga kuwa in ba a share ta ba ita ce sabuwar toshewa, don haka akwai mutum biyu da aka ɗora wa duba ta bayan kowane ruwa, ana juyawa mako mako.

Da aka gama, sakataren kuɗi ya rubuta duk abin da ya shigo da sunan wanda ya bayar, da duk abin da ya fita da lambar rasit, har kuɗin ƙanƙara da ƙosai. Mai binciken kuɗi ya sa hannu, muka kai wa mai unguwa kwafi, muka manna ɗaya a allon masallaci bayan an nemi izinin liman. Shebur, baro da takalma an ƙirga su an rubuta, suna ɗakin ajiyar makarantar Islamiyya, mabuɗi yana hannun ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, kuma mai aro yana sa hannu.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, mun fita da lema da fenti muna bin lambatun tun ana yayyafi, don a lokacin ne kawai ake ganin gaskiyar aikin. Ruwa ya wuce kwalbati ba tsayawa. Wuri ɗaya ya kwanta, kusa da ƙarshen layi, inda bulon gefe ya zube kimanin mita takwas ƙasa tana gangarowa ciki. Mun shafa wa wurin jan fenti. Layi uku na bulo mai inci tara a mita takwas bulo 54 ne, mun sa 60 saboda karyewa, za a cika ramukansa da kankare a yi masa shafe ta ciki, kuma sai ruwa ya ɗauke a watan Oktoba za a taɓa shi.